Ɗan Maƙwabci a Kan Dala

Da damina ne Baba ya cika alkawarin kai ni saman Dutsen Dala. Tela ne a Fagge, ƙafarsa ɗaya shanyayya ce, yana hawa yana dogara sanda. Wasu 'yan makarantar Sabon Gari suka wuce mu suna kwaikwayon tafiyarsa. Ɗayansu ya tambaye ni, "Babanka ne?"

Na ce, "A'a, maƙwabcinmu ne."

Baba bai waiwayo ba. Da muka kai sama, ya share gumi da hularsa, ya nuna gabas da sandar.

Ya ce, "Ga gidanku can, ɗan maƙwabci."

Yanzu jikokina sun dame ni in kai su Dala. Kullum cewa nake ƙafa ke damuna.