Awon Zafi Daga Nesa

"Bana ma ba zan samu zuwa ba, Inna," in ji 'yarta daga gilashin waya, murya a dishe, idanu jawur.

Tsohuwar ta gyara zama a tsakar gidanta na Tudun Wada. Yarinyar ta daɗe a ƙasar waje, tana binciken sararin samaniya, tana auna zafin harsunan wuta masu lanƙwasa da ke tashi daga jikin rana.

"Wai ni kam, ta yaya kuke auna abin da ba ku taɓa ba?"

"Haskensa ke gaya mana, Inna."

"To, ni ban iya wannan ba."

Ta ɗora bayan hannunta a kan goshin da ke cikin gilashin, kamar yadda ta saba tun yarinyar na goye. Wayar ta yi ɗumi. Har kiran ya katse ba ta ɗauke hannun ba.