Kwalba ta Uku

"Mama, ki ƙara kawo mana guda ɗaya," in ji mai binciken, tana miƙo mini kwalba ta uku.

Na ce, "'Yar nan, ɗana aka binne, ba ni ba. Me bayan gidana zai gaya miki?"

Wata biyu ke nan ina zarya ɗakin gwajinsu, tun da zazzaɓi da gudawa suka yi ajalinsa. Na ce musu mai abincin bakin wurin aikinsa za su bincika. Sun gwada ta har da tukwanenta, ba su ga komai ba. Ita wannan mai binciken, bara ta gama karatu. Wai aikinta gano abin da ya sa ƙwayar cuta take kashe wani ta ƙyale wani. Ni ba wannan na zo ji ba. Suna nake so a ba ni.

Ranar da sakamako ya fito, ta cire safar hannu, ta jawo kujera kusa da ni.

"Wa yake dafa masa abinci a gida?"

"Wa kuwa, in ba ni ba?"

"Ƙwayar ta daɗe a cikinki, Mama. Ke ce ba ta taɓawa. Akwai magani."

Na koma gida. 'Yarsa ta zauna a gabana, ta buɗe baki tana jiran loma kamar kullum. Na wanke hannu sau uku, sannan na tura mata kwanon da cokali.

"Kaka, fushi kike yi da ni?"