Kaske Mai Toshe Kunne

"Na ɗana ne," na ce wa mai shago. "Ba ni kaske na jin waƙa, mai toshe kunne ruf."

Ƙarya na yi. Tun da aka rufe gadar kan iyaka aikina na mota ya tsaya, nake koyon kalangu a ɓoye. Gidanmu ba makaɗa ba ne, in aka ji, wa zai auri 'yata Saratu?

Na kulle ɗaki, na sa kaske, na kunna waƙa, na bi ta da kiɗa. Da kyar nake jin kalangun, sai na ɗauka kowa ma haka.

Da na fito, zaure cike da dattawan garin Bengou masu neman auren Saratu.

Babbansu ya yi gyaran murya. "Malam Bawa, mun gaji da sallama. Amma makaɗin biki kam, an hutar da mu nema."