Tsohon Nonon da Aka Ba Hurera

Tun da aka kafa dokar tantance abinci, ƙwarya ba ta shiga kasuwa sai na'ura ta karanta asalin ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Hurera mai kindirmo ta sauke tata a ƙofa, Malam Tanimu ma'aikaci ya ɗiga wa na'urar kaɗan.

Sai na'urar ta kawo ja.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa, "irin ƙwayar da ta kashe yaran unguwar gabas ce. Kuma ba a ƙwaryarki ta faro ba. Wa ya ba ki tsohon nonon da kika zuba wa madararki?"

Hurera ta san ƙanwarta Talatu ce ta ba ta, yadda mata suka saba ba juna don madara ta kama ta zama kindirmo. Gidan da aka samu tushen cuta kuwa, shanunsa kaf ake ƙonewa.

"Ɗan nan, yaushe nono ya yi dangi?" in ji Hurera.

"Yanzu yana da su, Inna."

Hurera ta kau da kai. Can bayan layin masu jira ta hango Talatu ta sauke ƙwarya, tana miƙa wa jikarta ludayi cike.

"Talatu! Kar ta sha!"

Malam Tanimu ya waiwaya a hankali, ya dubi inda take kallo.