Ƙafafun Baba a Kan Ruwa

Jirgin fito na barin gaɓa, Baba ya miƙo mini sandarsa.

"Riƙe mini, 'yar nan."

"Baba, likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa ganina a kan ruwa?"

A gida, daga gado zuwa ƙofa sai mun tallafe shi, yana tangaɗi kamar ƙasa na zame masa. Yayana har ya fara maganar sayo keken guragu. Baba kuwa ya kafe sai na raka shi ƙetare, shi da ya ƙarar da ƙarfinsa yana ɗaure igiya a jiragen fito na ƙasashe iri-iri, daga ruwan ƙanƙara zuwa kogunan laka.

Muna kaiwa tsakiya iska ta taso. Jirgi ya karkata, kaya suka zube, samari majiya ƙarfi suka rungume ƙarfen gefe. Ni ma na tafi luu zan faɗi.

Wani hannu ya cafke ni. Baba ne, tsaye daram, gwiwoyinsa na bin rawar jirgin.

"Jingina da ni," in ji shi yana dariya. "Ƙafafuna ƙalau suke. Tudunku ne ba ya motsi."