Layin Da Ya Biyo Shi Gida

Da aka sanar da sakamako, shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar masuntan Argungu har rawa ya taka. Shi ya gindaya wa masuntan tsallaken iyaka sharaɗi: babu shiga ƙungiya sai sun zaɓi shugabansu da kansu. Ga shi kuwa a gabansa sun ja layi bayan wanda suke so, sun kayar da tsohon da ya gaji kujerar ubansa.

Duk hanyar gida bakinsa bai rufu ba. "Mu munka koya musu," yake ta faɗa wa 'yan rakiyarsa, ya manta shi ma gadon tasa kujerar ya yi.

A bakin ruwan Argungu ya waiwaya. Mutanensa sun ja layi, suna murmushi, bayan mataimakinsa.