Ɓarawon Guntayen Hoto

Ke Bethan, rufe littafin nan! Yanzun nan na ajiye waya, bari in sha iska. An fasa wa mutum baki a jirgin ruwa, kuma wai a kan wasan haɗa hoto!

Jirgin nan ne da ya tashi daga Southampton zai je Ostareliya. Kin dai san abin, ruwa gaba ruwa baya, a yi kwana da kwanaki ko tsuntsu ba a gani ba. Tsofaffi sun gaji da shayi, sun gaji da rawa, sai suka tare a ɗakin karatu, inda aka baza wani ƙaton hoto da aka yayyanka gutsi-gutsi a kan tebur. Kowa ya zo ya laluba ya sa nasa. Doka ɗaya ce: guntu ba ya barin tebur.

To, sai guntaye suka fara ɓata. Yau babu tagar coci, gobe babu ƙafar doki.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Mista Clive Haldane, wani jibgege mai jan wuya da ya naɗa kansa sarkin teburin. Wane zauna nan, wance matsa can. Matarsa Gwenda kuwa ko tari ta yi sai ya harare ta. Kullum tana tsaye a bayansa da rigar sanyinsa da maganinsa a hannu, ita ce ma ke tsayawa ta gyara kujeru in an watse.

Sai kuma Mista Leonard Tasker, wani siririn tsoho mai karyayyen hanci, tsohon ɗan dambe, hannu kullum a aljihu. Shi ba shaƙatawa ya zo yi ba. Likita ya hana shi hawa jirgin sama saboda huhunsa, ga 'yarsa tilo kwance a asibiti a Perth, can Ostareliya. In ba wannan jirgin ba, ba shi da hanyar zuwa wurinta. Kuma tun ranar tashi kyaftin ya faɗa wa kowa: duk wanda ya doki wani, a tasha ta gaba za a sauke shi da akwatinsa.

Rannan bayan abincin rana aka duba, kan dokin ma babu. Clive ya fara huci. Gwenda ta dafa kafaɗarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Don Allah rabu da bawan Allahn nan, Clive. Wataƙila sanyi yake ji, shi ya sa hannunsa ba ya barin aljihu."

Clive ya juya a hankali. Ya miƙe.

"Kai, tsohon ɓarawo! Zazzage aljihunka!"

"Ba komai a ciki sai hannuwana, ɗan'uwa," in ji Leonard. "Kuma gara maka su zauna a can."

Mutane suka sa dariya. Dariyar ce ta ƙarasa tunzura Clive.

Mari ya fara kai wa Leonard, tas! Sai naushi a baki. Haƙoran robar Leonard suka yi tsalle suka faɗa cikin kofin shayin wata mata, ta kwarma ihu. Jini ya tsartu a kan hoton, duk sararin samaniyar ya koma ja. Leonard ya yi taga-taga, ya dawo ya tsaya, hannu a aljihu.

"Rama mana, Len!" wani tsoho ya daka masa tsawa. "Bugu ɗaya ka kwantar da shi!"

Kuma zai iya, Bethan, kowa ya ga zai iya! Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, aljihun har ya fara yagewa don dunƙule hannu. Amma bai fitar ba.

Clive ya fizge sandar wata tsohuwa ya zabga masa a haƙarƙari har ta karye biyu. Ya ɗauki butar shayi ya wurga, ta fashe a bango, ruwan zafi ya watsu wa mutane a ƙafa. Kujeru suna faɗuwa, masu keken guragu suna karo da juna a ƙofa. Leonard ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya tofar da jini, ya sake miƙewa ya jingina da ginshiƙin ƙarfe.

Clive ya tattaro duk ƙarfinsa ya kawo naushin ƙarshe. Leonard ya ɗan kau da kai kawai. Ƙas! Har a ƙofa an ji yatsun Clive suna karyewa a jikin ƙarfen.

Masu tsaro suka shigo suka danne Clive yana kururuwa. Aka zazzage aljihun Leonard: hankici da alewar tari. Shi ke nan.

Kyaftin ya tambayi wa ya doki wa. Ɗaki guda ya nuna Clive da yatsa. Gwenda ma, tana share hawaye, ta gyaɗa kai. Leonard, da leɓe a ɗinke, aka ce masa ya koma ɗakinsa, Perth tana jiransa.

A Cape Town aka sauke Clive, hannu a naɗe, yana zagin kowa har ma'aikatan da ke ɗauke da kayansa.

"Ke Gwenda! Yi sauri mana!"

"Yi gaba, maigida, na manta maganinka a ɗaki."

Yana tsaye a bakin tasha yana duba agogo aka janye matakala. Jirgi ya yi kuka, ruwa ya fara shiga tsakaninsu.

A lokacin Gwenda tana ɗakin karatu. Ta ja kujerar Clive ta zauna, ta sa a kawo mata shayi da kek, ta cire takalminta, ta zazzage tagar coci da ƙafar doki da kan dokin daga cikinsa a kan tebur. Kakata ke nan, Bethan, da ita na gama waya yanzu, ta ce tun da ta auri mutumin nan ba ta taɓa samun hutu ba sai yanzu!